Sarƙar Keken Yaya

Duk wanda ya san hawan gadar nan ta bayan kasuwa ya san ba wurin da sarƙar keke za ta zube ba ne. Hanyar matsattsiya ce, ba gefen da mutum zai raɓe, tireloli kuma suna biye da kai suna gurnani. Idan feda ta tafi a banza a tsakiyar hawan, keke layi zai yi, direban da ke bayanka kuwa ba lallai birkinsa ya ci ba da irin lodin da yake ja. Nan Yayana yake bi kowace safiya da akwatunan burodi ɗaure a kariyar bayan kekensa, sun fi kansa tsawo, yana kai wa masu shaguna a ƙetare. Nan kuma sarƙarsa ta fara zubewa.

Ni gyaran keke ne sana'ata, rumfata tana bakin hanya dab da inda hawan ya fara. Ranar farko turo keken ya yi, hannunsa baƙi ƙirin da mai.

"Auta, wannan wane irin aiki kake yi wa mutane?"

Furfura ta fito min a gemu, amma a bakinsa har gobe ni Auta ne. Na tambaye shi yadda aka yi. Ya ce daidai gindin tudu, da ya zo sauko da giyar gaba daga babban faranti zuwa ƙarami, sai sarƙa ta sulluɓe, ƙafarsa ta tafi a iska.

Na ce wannan ai ƙaramin abu ne. Akwai ƙarfen da ke tura sarƙa daga faranti zuwa faranti, da 'yan ƙusoshi biyu masu yi masa iyaka. In ta ciki ta saki, ƙarfen sai ya wuce gona da iri ya jefar da sarƙar. Na rataye keken a ƙugiya, na ɗaure ƙusar kaɗan, na juya feda da hannu ina canja giya sama da ƙasa. Tana hawa tana sauka lafiya lau. Yaya yana zaune a benci yana shan shayina, ko kallo bai yi ba.

Ba a rufa mako ba ya dawo, wandonsa a yage a gwiwa. Na ce to wayar giyar ce ta saki. Na sa sabuwa, na miƙe ƙarfen, na duba haƙoran farantan ɗaya bayan ɗaya ko akwai wanda ya lanƙwashe. Babu. Duk da haka na cire sarƙar na sa sabuwa fil, don in huta da bakinsa.

Ana cikin haka matarsa ta biyo ta rumfar a hanyarta ta kasuwa. Ba mai yawan magana ba ce, ta tsaya daga bakin inuwa tana murza igiyar jakarta.

"Don Allah ka dubo masa keken nan da kyau. Jiya da ya shigo ko abinci bai iya ci ba."

Na ce mata keken ba abin da ya same shi, taurin kan mai shi ne. Ta yi ɗan murmushin da bai kai ido ba, ta ce ai kwanan nan komai ma faɗuwa yake daga hannunsa, kofunan gidan sun kusa ƙarewa. Ni kuwa raina a ɓace yake, don maganar ta fara zagaya layin cewa mai gyara ya kasa gyara keken gidansu. Na ji abin da ta faɗa, na bar shi ya wuce.

Dawowarsa ta gaba ita ce ta tayar min da hankali. Da sassafe ne, burodin ma bai kai ba. Akwatin ƙasa ya murƙushe ta gefe ɗaya, ga baƙin shatin taya a jikinsa, faɗinsa ya fi tafin hannuna. Na tsaya ina kallon shatin nan. Tsoro ne ya kama ni, ni kuma in na tsorata faɗa nake yi.

"Yaya, kashe kanka kake so ka yi?"

"Ka gyara abin da aka kawo maka, ka bar min wa'azi."

Na kwance akwatunan na jibge a benci, na haye keken da kaina. Na hau gadar, na sauko, na sake hawa, ina canja giya a inda ya ce da inda bai ce ba, da ƙarfi da kuma a hankali. Sarƙa ko tari ba ta yi ba. Na dawo ina haki na jingine masa abinsa.

"Keken nan lafiyarsa ƙalau. In ƙarya nake, hau in gani."

Mu masu gyara ba ma cewa haka. Mai keke zama yake a benci, mu rataye keke mu gwada da hannunmu, in ya yi mu miƙa masa ya tafi. Tun da na fara sana'ar nan ban taɓa tsayawa na kalli yadda mai keke yake canja giyarsa ba. Ranar ma haushi ne ya sa na faɗa. Amma sai na ga Yaya ya dubi hanya, ya ce shi sauri yake yi.

"Hau dai. Daga nan zuwa bakin kwata."

Ya hau. Na bi shi da sassarfa ta gefen hagu, idona a kan sarƙa. Na ce ya sauko da giya. Ƙarfen ya motsa, ya zo rabin hanya, ya tsaya cak. Sarƙar ta hau kan tsinin haƙora tana karkarwa, ba ta kan babba ba ta kan ƙarami, da ya danna feda sai ta zube. Na mayar da ita, na ce ya sake. Wannan karon ban kalli ƙasa ba, hannunsa na kalla.

Keken irin na da ne, ɗan hannun giyarsa ba ya tafiya da kansa, sai ka tura shi da babban yatsa har ƙarshe. Na giyar gaba kuma a hagu yake. Na ga yatsan Yaya ya hau kansa, ya tura kaɗan, sai ya zame ya faɗi gefe. Ya sake ɗagowa, ya sake zamewa. Sauran yatsun ma ba riƙe suke da kan keken ba, ɗora su kawai ya yi.

Haka Babanmu ya fara. Cokali ne ya riƙa faɗuwa daga hannunsa muna yi masa dariya, kafin ranar da muka tsince shi a ƙofar banɗaki, ɓarin jikinsa ya shanye. Yaya ne ya yi jinyarsa har ya rasu, ya fi ni sanin yadda abin yake zuwa.

Ya sauke ƙafa ya tsaya. Bai kalle ni ba.

"Tun yaushe?" na ce.

"Ka mayar min da hannun giyar nan dama. Aikin minti kaɗan ne a wurinka."

"Yaya, tun yaushe?"

"Kada ka gaya wa uwar yara. In mai gidan burodi ya ji, gobe wani zai ba wa aikin nan. Yara me za su ci?"

Sai a lokacin na lura da bakinsa. Gefen hagu ya ɗan sauka, maganar tana fita da nauyi kamar wanda ya tashi daga barci.

"To na mayar da giya dama. Birkin hagun fa? Gangaren can ƙetare da me za ka riƙe shi, da lodi a bayanka?"

Ya tura keken zuwa benci ya fara ɗora akwati da hannu ɗaya yana tallafewa da gwiwa. Wallahi da gaske tafiya zai yi. Na shiga rumfa na ɗauko abin yanke sarƙa, na durƙusa, na fitar da ƙusa ɗaya daga sabuwar sarƙar da na sa da hannuna. Ta zubo ƙasa, na naɗe ta na jefa cikin bokitin kalanzir.

Na zaci zai mare ni, kuma da ya mara da na ji daɗi. Tsayawa kawai ya yi yana kallon bokitin.

Asibitin yana ƙetaren gada. Na fito da nawa keken, na shimfiɗa tsumma a kariya, na ce ya hau. A kan irin wannan kariyar ya riƙa kai ni makaranta ina ƙarami, yana ce min in riƙe shi da kyau. Ya zauna, ya zagayo da hannuwansa ya kama rigata ta gaba.

Na sauko da giya tun kafin tudun, sarƙata ta faɗa ƙaramin faranti ba gardama. Mun kai tsakiyar hawan sai ga tirela a bayanmu, hucin injinta yana dukan ƙeyata. A nan na ji hannunsa na hagu ya saki rigata, yana zamewa a hankali zuwa cinyata. Na saki kan keken da hannu ɗaya na cafke shi, na danne a cikina. Na matse yatsun nan da duk ƙarfina, matsar da ko ƙato aka yi wa sai ya yi ƙara.

"Auta," ya ce daga bayana, kalmomin suna jan ƙafa, "burodin nan ka rufe shi kuwa? Rana za ta busar da shi."

Na ƙara matsewa. Ya ci gaba da maganar burodi.