Kwantaccen Cikin Suwaibatu

Shekara biyu da wata bakwai na tsare matar ɗana a gidana a Mabai, kuma duk tsawon wannan lokaci gani nake alheri nake yi mata.

Ɗan nawa Harisu shi ne na fari, shi kaɗai ne kuma namiji cikin 'ya'ya takwas. Yana raye ban taɓa kiran sunansa da bakina ba, sai dai in ce "wancan". Babur ya kayar da shi a hanyar Faskari, ya cika kafin a kai shi asibiti. Ya bar mace ɗaya, Suwaibatu, ɗiyar Malam Badamasi na Tafoki. Shekara tara suna tare, ko ɓari ba ta taɓa yi ba.

Tana wata na biyu cikin takaba, Iya Adama ungozoma ta same ni a zaure, ta durƙusa ta ce tana da albishir. Yarinyar ba ta ga al'ada ba tun rasuwar mijinta, mararta kuma ta tasa. Ta ce ta taɓa da hannunta, ciki ne. Ni da ban zubar da hawaye ba ranar jana'iza, ranar nan sai da na zagaya bayan rumbu.

Da wata na uku ya kama, jini ya dawo, mai yawa. Iya Adama ta ce kada in tayar da hankalina, cikin ne ya kwanta saboda firgicin mutuwa. Ta ce gwaggonta ta ɗauki nata shekara huɗu, ta haifi ƙato. Na je wurin liman na tambaye shi. Ya ce littattafai sun ambaci daɗewar ciki, amma tunda akwai jini gara a kai ta asibiti a duba. Rabin farko na maganarsa na ɗauka, sauran na bar masa a kan buzu.

Kowa ya san mai ciki ba ta fita takaba sai ta haihu, saboda haka na kafa doka. Babu lalle, babu kwalli, babu zuwa biki, babu maganar komawa Tafoki. Asibiti kuwa na hana, don na ji ana cewa idan suka ga ciki ya wuce kwanakinsu wanke shi suke yi. Ni mutum ne da ba a maimaita mini magana a gida. Kullum da safe idan ta kawo mini koko nakan tambaye ta yaya maigidan ya kwana, ɗan cikin nake nufi. Sai ta sunkuyar da kai ta ce lafiya lau, Baba. Ciki kuwa yana ta girma, a hankali, ni ina murna.

Malam Badamasi yakan biyo ta wurinmu idan ya zo kasuwar Ƙanƙara. Mutum ne mai barkwanci, da dariya yake faɗin abin da ke cinsa. Ran nan ya ce, "Alhaji, wannan jika naka halan da gemu zai fito? A tanadar masa wanzami tun yanzu." Na ce jinin gidanmu ba ya gaggawa. Sai ya daina dariya, ya ce ɗiyarsa ta yi fari kamar an wanke ta da toka, in ba shi ita ya kai ta a gwada. Na ce masa aure ya ba mu, ba aro ba. Ya sa takalmansa ya tafi, ko ruwan da aka kawo masa bai sha ba.

Wata rana da hantsi bayan an cire amfanin gona tana surfe, taɓarya ta suɓuce daga hannunta, ta faɗi a gindin turmi. Da na shigo na ga zanenta ya jiƙe, tafin hannunta fari fat. Duk da haka abin da na fara cewa shi ne a kira Iya Adama, naƙuda ce. Iya Adama ta zo ta duba, ta miƙe ta ce wannan ya fi ƙarfinta. Aka kira ubanta a waya. Da ya iso ko sallama bai yi mini ba, ya sa aka ɗora ta a mota. Na shiga baya na zauna kamar wanda aka rage wa hanya.

A Ƙanƙara aka sa mata ruwa, aka tura mu babban asibiti. Can aka ƙara mata jini leda uku, aka yi mata hoton ciki. Likitar mace ce, ba ta kai sa'ar autata ba. Ta kira mu ofishinta, ni da Malam Badamasi, ta tambayi wane ne ya ce ciki ne. Na ce ni, kuma kwantacce ne, shekararsa ta uku ke nan.

Ta ce, "Baba, babu ɗa a cikin nan. Bisa abin da na gani, ba a taɓa samunsa ba."

Na ce ta sake dubawa, na'urarta ce ba ta iya ganin mai barci ba. Ba ta yi fushi ba. Ta juya bayan wata takarda ta zana wani abu kamar ƙaramin gora an kife shi, da ƙaho biyu hagu da dama. Ta ce wannan ce mahaifa, girmanta bai kai dunƙulen hannuna ba. Ƙahonnin nan hanyoyi ne, a ƙarshen kowanne akwai ma'ajiyar ƙwai, kuma kowane wata ƙwai ɗaya yake fitowa, ƙarami, ido ba ya ganinsa sosai.

Na ce ƙwai kuma, a jikin ɗan Adam? Malam Badamasi, duk da halin da muke ciki, sai da ya ce to Alhaji, da kana zaton kaji kaɗai aka ba?

Abin da ya ɗaure mini kai, na san wannan zane. Na yanka tumaki sun fi a ƙirga, na sha ciro abu mai ƙaho biyu daga cikinsu in jefa wa kare. Shekara saba'in da ɗoriya, 'ya'ya takwas, ban taɓa kawo wa raina cewa irin wannan ɗaki ne muka fito daga ciki ba. Ni a sanina namiji ke zuba iri, mace ƙasa ce kawai.

Likita ta ci gaba. Ta ce kowane wata mahaifa takan yi shimfiɗa da jini tana jiran baƙo. Idan ruwan namiji ya haɗu da ƙwan a hanya, sai su gangaro su maƙale a shimfiɗar, shi ne ciki. Idan ba su haɗu ba sai shimfiɗar ta zube, shi ne al'ada. Ɗaukewar wata biyu da Suwaibatu ta yi, tashin hankali ma yana jawo haka. Ta ce ɗa a ciki kullum girma yake, wata tara ne da 'yan kwanaki, kuma wanda ya daina girma ba barci yake ba.

Na tambaye ta to mi ne ne yake girma a cikin yarinyar nan, wanda nake gaisarwa kowace safiya.

Ta cika jikin goran da ƙulle-ƙulle, manya da ƙanana, har zanen ya ɓace. Ta ce ƙari ne, naman mahaifar ne da kansa yake dunƙulewa. Ba sammu ba ne, ba laifin kowa ba ne, mata da yawa suna da shi. Mai yiwuwa ma shi ya hana ta haihuwa tun mijinta na raye. Shi ke sa jinin nan ya ƙi tsayawa. Sannan ta ajiye biro ta dube ni. Ta ce da shekara biyu da suka wuce aka kawo ta, da wataƙila an ciccire su an bar mata mahaifarta. Yanzu za su gwada, amma ba ta yi alkawari ba.

Na dubi Malam Badamasi. Na so ya zage ni, bai yi ba. Suwaibatu ce ta dangwala yatsa a takardar amincewa da tiyata da kanta, uban ya sa hannu a ƙasa. Ni babu wanda ya miƙo mini biro, kuma daidai ne.

Washegari da safe aka shiga da ita. Muna zaune a benci har aka kira azahar. Wata ma'aikaciya ta fito da roba a rufe, ta ce 'yan uwa su zo su gani, haka ake yi. Na leƙa. Wallahi har lokacin akwai wani lungu a zuciyata da yake neman hannu ko ƙafa. Curin nama ne kawai, babban ya kai kabewa, ga ƙanana manne da shi kamar dankali. Na tambaya ina mahaifar. Ta nuna mini da yatsa ta ce ga ta nan tare da su, jini ya ƙi tsayawa, sai da aka cire duka kafin aka samu ranta.

Shekarar Suwaibatu talatin da ɗaya. Na zauna a ƙasa a gaban mutane.

Sai kwana na uku na iya shiga ɗakin da take. An riga an faɗa mata. Ta yi yunƙurin tashi ta gaishe ni, na hana. Na zo da magana a bakina, amma ita ta riga ni. Ta ce tun shekarar farko ta san babu motsi. Ta haɗa ɗaki da masu ciki a gidansu, ta san yadda ɗa yake shuri, nata kuwa dutse ne. Na ce to don mi ba ki faɗa ba?

"Baba, kullum sai kun tambaye ni yaya ya kwana. Da wane baki zan ce muku babu shi? Sau ɗaya aka yi muku rasuwar ɗanku, ban so in zama ni na kawo ta biyu ba."

Na tsaya ina kallon ledar ruwan da ke ɗiga a hannunta. Can ta sake magana, murya ƙasa-ƙasa, kamar mai neman izinin zuwa maƙwabta.

"To yanzu na fita takaba?"

Na ce mata ta fita tun ranar da ta cika wata huɗu da kwana goma, sauran duk ni na ɗora mata. Na faɗa da ƙarfi yadda ubanta da matan sauran gadajen za su ji. Ta lumshe ido, ta ce to idan an sallame ta Tafoki take so a kai ta.

Na ce Tafoki za a kai ki.