Huhun Tela

Yaya Babba ya ɗora tafin hannunsa a kan takardar amincewa da shiga bincike da likitar asibitin ta miƙo, kafin Tela ta kai ga biro. Ya ce muddin yana numfashi, babu mai zura wa matar ƙaninsa bututu a hanci.

Tela ta dubi hannun. Wata bakwai ke nan mijinta na kwance da tarin fuka. Ita ke wanke gwangwanin da yake tofa kaki, ita ke sauya zanen gado in zufa ta jiƙa shi, a ɗakin nan mai taga ɗaya take kwana, keken ɗinkinta a gindin gado. Ko atishawa ba ta yi ba, kuma wannan ne laifinta. Dangin miji suka zauna suka gano cewa wadda ciwo ya tsallake, ita ta kawo shi. Aka ware mata kofi, aka hana yaran gidan karɓar abu daga hannunta, masu kawo ɗinki suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya. An gwada kakinta, an ɗauki hoton ƙirjinta, an ce lafiyarta ƙalau. Dangi suka ce ai na'ura ba ta ganin komai da komai.

Likitar ta sake bayani a hankali, don Yaya Babba ya ji. Ta ce ƙwayoyin halittar da mutum ke gada daga iyaye kamar fitilun gida suke, duk suna nan, amma ba duka ake kunnawa lokaci guda ba. In ƙwayar cutar ta shiga huhu, waɗanda suka kunnu su ke gaya wa garkuwar jiki yadda za ta yi faɗa. A huhun maigidan faɗan ya wuce gona da iri, har jiki ya koma yana cin kansa. Tela kuwa iska ɗaya ta shaƙa da shi, amma nata huhun ya gama da abin shiru. So suke su zuba ɗan ruwan gishiri a ciki ta siririn bututu, su zuƙo shi, su ga me ya kunnu a wurinta.

"Likita, takardar da za ta fito, da sunana a kai?" in ji Tela. "Za ta ce ba ni na kawo ba?"

Likitar ba ta yi mata zaƙin baki ba. Ta ce lamba za a sa mata, ba suna ba. Aikin zai ci shekara biyu ko uku, ba zai sauya maganin mijinta ba, kuma za ta yi kwana biyu maƙogwaro na mata zafi.

Tela da ta zo neman takardar da za ta shimfiɗa wa surukarta a cinya, ashe ko wannan ba za ta samu ba. Yaya Babba ya yi dariya ta bayan ƙyallen da ya rufe baki da shi. Ya ce to ga shi ta ji da kunnenta, wahalar banza ce. In kuwa ta kafe sai ta shiga binciken, daga nan ta wuce gidan ubanta, zai sa a bi ta da kekenta.

Nan ranta ya ɓaci, ɓacin da ta daɗe tana haɗiyewa. Wata da watanni ana maganar jikinta kamar bola, sai yau aka samu wadda ta ce akwai abin dubawa a ciki, shi ma za a hana.

"Yaya, ƙaninka ne ya auro ni, shi kaɗai zai ce in tafi. In kana son ji daga bakinsa, ɗakin a buɗe yake. Wata bakwai ba ka taka shi ba. Ka shiga ka zauna a bakin gado ka tambaye shi."

Yaya Babba ya gyara ƙyallensa.

Tela ta zare takardar daga ƙarƙashin hannunsa, ta sa hannu, ta danna biron sosai har ya kusa huda ta. Sannan ta juya ta tambayi nas ta wane hancin za a fara.