Jarka Biyu, Rabi-Rabi

"Wato kwaɗi ne," in ji jami'in, ya sake juya takardar. "To, dabbobi zan rubuta ko kifi?"

Mufida ta matso kusa da teburinsa. Tun hantsi ake cilla ta daga wannan tebur zuwa wancan a ofishin iyakar Jibiya, kowa sai ya yi dariyarsa ya ƙoshi kafin ya ce ba wurinsa ba ne.

"Ranka ya daɗe, 'ya'yan kwaɗi ne, ko ƙafa ba su yi ba. Binciken digiri na biyu nake yi. Zafi zai kashe min su."

Da gaskiyarta. Dazukan wajen Mazanya ba su shiguwa yanzu saboda rashin tsaro, shi ya sa ta tsallaka Nijar. A can ta samu gandun dakwara da ake yi wa feshin maganin ƙwari, da tafki a tsakiyarsa, ta kuma samu wani tafkin can nesa wanda feshi bai taɓa kai wa ba. Ta ɗebo 'ya'yan kwaɗi daga kowanne da ruwansu, jarka guda guda, rabi-rabi don su samu iska, ta ɗaura wa ta feshin jan ƙyalle. Aikin gaba ɗaya shi ne ta raine su daban-daban ta ga bambanci. Damina kuwa ta yi sallama, tafkunan sun koma caɓi. In waɗannan suka salwanta sai baɗi, malamin da ke duba aikinta kuma ya ce ba zai ƙara mata ko wata ɗaya ba.

Sai bayan azahar Allah ya sa aka buga mata hatimi, aka rubuta su a kifi. Ta fito kusan da gudu, ta ratsa ta tsakanin manyan motocin hatsi zuwa inda ta bar Kawu Ummaru, ƙanen mahaifiyarta, wanda ya ajiye haya ya kai ta ya dawo da ita a tsohuwar motarsa. Ta same shi a inuwa yana cin gyaɗa hankali kwance. Ta leƙa bayan mota, wayam.

"Kawu, ina jarkokin?"

"Kwantar da hankalinki, ɗiyata. Sun riga mu ƙetarewa."

"Ƙetarewa ta ina?"

"Ke dai yarinya ce. Wa ya taɓa bi ta ƙofa da jarka a garin ga? Ko zamzam ka zuba, fetur za a ce. Na ba Bawa, ya zaga da su ta daji."

"Kawu, ga takarda! Saboda ita na wuni a tsaye!"

"To, riƙe abarki, ai ba ta ɓaci ba."

Ranta ya ɓaci matuƙa, amma kawu kawu ne, ba a ɗaga masa murya a bainar jama'a. Ta shiga mota ta ja ƙofa da ƙarfin da ya fi na kullum, iyakar abin da ta iya ke nan.

A gindin wata bedi kan hanyar Daddara suka tarar da Bawa zaune a kan babur ɗinsa. Dattijo ne mai furfura a gemu, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana safarar mai ta cikin yashi, kuma yana alfahari da cewa bai taɓa faɗuwa da kaya ba. Jarka ɗaya na ɗaure tamau a bayansa. Ɗayar, mai jan ƙyallen, tana reto a gefe, iska na kaɗa ta.

Mufida ta nuna jarkar da ke reto.

"Baba, me ya sami wannan?"

"Wagga? Ai juye ta na yi cikin 'yar'uwarta." Ya bugi cikakkiyar da tafin hannu. "Malama, ba a ɗaukar rabin jarka bisa babur. Ruwan na tangal-tangal, kana shiga rairayi shi kada kai. Mai hankali cikawa yake yi, shi toshe baki da leda. Wa ya ɗaura miki su haka tun farko?"

"Ka ji ko," in ji Kawu Ummaru. "Na ce miki gwani ne."

Mufida ta nufi babur ɗin. Ta kwance cikakkiyar jarkar da kanta, ta sauke ta a inuwa, ta murɗe murfin ta cire ledar. Ruwan ya cika har wuya, ya yi ɗumi. Wasu 'ya'yan kwaɗin sun taso sun juya ciki sama, sauran na ta kaɗa wutsiya suna neman iska, baƙaƙe ƙanana, kamarsu ɗaya. Ta daɗe tana kallonsu, wai ko za ta gane na gandun dakwara daga na tafki mai tsabta. Ko uwar da ta yi ƙwansu ba za ta gane ba.

Ta tuna yadda ta shiga laka har gwiwa, da sauron da ya yi kwanaki yana cinta, da shekara guda da za ta zauna jiran ruwan sama. Kuka ya zo mata, ta danne shi. Ta karkata jarkar a hankali ta rage ruwan, ko ba komai waɗanda suka rage su sha iska.

Bawa ya zaburo daga kan babur, ya kama haɓa.

"Haba, Malama! Zubarwa za ki yi? Ni da na kawo miki shi tun daga Nijar, ko ɗigo bai zube ba!"