Sawun Guduma a Ƙafar Motar Burodi

"Kaɗa kuma," na ce daga ƙarƙashin motar. "Hagu, dama. Kada ka juya gaba ɗaya, girgiza shi kawai."

Sannu-Sannu ya girgiza sitiyarin. Hannuna yana kan tayarod, ƙarfen nan da ke kai wa taya saƙon sitiyari, sai na ji yana ƙwas-ƙwas a tafina kamar haƙorin da ya kusa fita. Na fito na sa jak na ɗaga gaban motar, na kama tayar gefe da gefe na jijjiga, ta amsa. Na kama ta sama da ƙasa, nan ma ta amsa. Na shafa cikin tayar na ji ya cinye sumul, wajenta kuwa da sauran zane.

"Yaya," na ce, "wannan ba mota kake tuƙawa ba, makara ce mai taya huɗu."

Ya yi dariyar nan tasa da ba ta da sauti. Maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba mu tun kafin in yi aure, kuma tun a lokacin shi ne direban motar gidan burodi. Sunan Sannu-Sannu ba a banza ya same shi ba. Mai keke yakan wuce shi a hanya har ya waiwayo ya yi masa sannu. In an tsokane shi sai ya ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Ni kuwa gyaran ƙafar mota ne abincina, daga sitiyari har taya, a ƙofar gidana nake aiki ƙarƙashin rumfar kwano.

"Ni ma na ji," ya ce. "Sai na juya sitiyari kusan tafin hannu kafin ta san ina magana da ita. In na shiga rami kuma sai ta riƙa lilo."

"Kan tayarod ya mutu, na biyun ma yana bin sa. A canja su duka, a canja bushin, robobin nan na ƙafar, sannan a daidaita tayoyin. Ka gaya wa mai gidanka, in ba haka ba a ajiye ta."

Ya ɗauko waya ya kira Mai Burodi, ya sa yadda zan ji. Ban gama bayani ba mutumin ya katse ni.

"Ku masu gyara ba ku da magana sai a canja, a canja. Kawo ta wurin Sha-Yanzu, shi ya san jikinta."

Sha-Yanzu! Na san aikinsa, duk mai riƙe sifana a garin nan ya sani. Washegari da yamma Sannu-Sannu ya dawo da motar, ya tsaya a ƙofata yana shafa sitiyari.

"Ta yi tauri fa, kamar sabuwa."

Na kwanta ƙarƙashinta. Giris ne sabo an lafta a kan tayarod ɗin. Na share da tsumma, ga abin da nake tsoro: sawun guduma zagaye da bakinsa. Abin ƙwallon ƙarfe ne a cikin gurbi, in ya cinye sai ya yi lako-lako. Shi Sha-Yanzu cire shi yake, ya cusa guntun roba, ya dandaƙe bakin gurbin har ya matse, ya shafe da giris. Wasan sitiyari zai ɓace, direba ya ji daɗi. Amma ƙarfen da ya riga ya siɗe, an ƙara masa da duka, rami ɗaya yake jira ƙwallon ya yi tsalle ya fice.

Raina ya ɓaci. Ko wanke hannu ban yi ba na nufi gidan burodin. Na tarar da Mai Burodi a bakin tanda yana yi wa ma'aikata faɗa a kan burodin da ya ƙone.

"Ranka ya daɗe, motar nan ba a gyara ta ba, an rufe mata baki ne kawai."

Ya dube ni sama da ƙasa, ya dubi baƙin man da ke hannuna. "Malam, don aikin bai zo hannunka ba shi ne ka biyo ni har nan? Matsa daga kusa da fulawa."

"Ka sayo kayan da kanka, zan ɗaura ban karɓi komai ba."

"Direbana ya ce ta yi daidai. Kai ne ke tuƙa ta?"

Na dawo ina huci. Sannu-Sannu yana zaune a dakalinsa yana wanke ƙafa da buta.

"Yaya, ka ajiye masa makullinsa."

"In ajiye in je ina, ƙanena? Wa zai ɗauki mai furfura? Samari na nan suna jiran kujerar." Ya ɗaga kai ya yi murmushi. "Kuma in na ajiye, wani yaro mai zafin ƙafa za a ba. Gara ni, na san halinta. Zan bi ta a hankali."

"Ai ba gudu ke fitar da shi ba, rami ne!"

"To zan kauce wa ramuka."

Ya kauce musu kuwa, kusan sati. Kullum da safe ina jin tashin motar, sai in ajiye abin da nake yi har ƙararta ta ɓace. Ran da abin zai faru ina cire wa wata tasi shoka aka zo da gudu aka ce motar burodi ta daki ginshiƙin gada a gangaren kasuwa.

A asibiti na same shi. Ƙirjinsa ne ya bugi sitiyari. An lulluɓe shi zuwa wuya, amma hannayensa suna waje, suna motsi a kan zanen kamar yana neman abin da zai kama. Na sunkuya kusa da bakinsa.

"Na juya," ya ce. "Wallahi na juya. Ita ce ba ta juya ba."

Kafin la'asar ya cika. Matarsa, wadda duk layin muke kira Inna, tana hanya ba ta iso ba.

An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ƙarya ne, ni shaida ne. Wanda ya ja ruwan sai ga shi washegari a wurin gaisuwa, fes da shi, yana ƙamshin turare. Maza muna zaune a kan tabarmi a ƙofar gidan, mata suna ciki, tagar ɗakin Inna a buɗe a saman kawunanmu. Mai Burodi ya yi addu'a, ya shafa, sannan ya gyara zama ya saki murya yadda kowa zai ji.

"Allah ya jiƙansa, mutumin kirki. Amma kun san tsufa. Kwanan nan ya fara gudu, na sha yi masa magana. Motar da aka gyara satin nan! Ina jin barci ne ya sace shi a gangaren, ƙafa ta danne totur."

Gudu! Sannu-Sannu! Mutumin da akuya ke gama tsallaka titi a gabansa ta dawo. Na duba fuskokin mutane ina jiran wani ya ce a'a. Sai gyaɗa kai ake yi, ana "Allah sarki, tsufa ke nan." Mutanen da suka yi shekaru suna yi masa dariyar rashin sauri, yanzu sun yarda gudu ya kashe shi, don mai turare ne ya faɗa. Daga cikin tagar na ji kukan Inna ya tsaya cak.

Na tashi ban yi wa kowa sallama ba. An ja motar an ajiye a bayan gidan burodin, can na nufa. Tayar hagu ta dubi gabas, ta dama ta dubi gabanta. Na kwanta a ƙasa da kayan jikina, ga tayarod yana reto, gurbin ya tsage, ƙwallon ya fice. Na sa sifana na kwance shi, na dawo na dire shi a kan tabarma gaban Mai Burodi.

"Ga barcin da ya sace shi. Ga sawun guduma nan, ku taɓa ku ji. Na gaya maka a waya, na bi ka har bakin tanda na gaya maka!"

Bai ko dubi ƙarfen ba. Wani dattijo ya riƙe mini riga.

"Haba, ɗana, a gidan mutuwa? Kwana ne ya ƙare."

"Baba, na yarda kwana ya ƙare. Amma kwana bai ce a yi masa ƙarya ba."

"Zauna, zauna. Ka ji kunya mana."

Ni ne zan ji kunya! Aka taru a kaina ana ba ni haƙuri kamar ni na yi ɓarna, Mai Burodi kuwa ya miƙe a tsanake, ya karkaɗe rigarsa, har da masu raka shi bakin mota. Ƙarfen ya zauna a tabarma, kowa yana janye ƙafa daga kusa da shi.

Da yamma, bayan mutane sun watse, ina naɗe tabarmi sai na ji muryar Inna daga bakin ƙofa.

"Ƙanin miji, miƙo mini abin nan."

"Inna, duk giris ne."

"Miƙo."

Na miƙa mata. Ta juya shi a hannu, ba ta san ko ina ne gabansa ba. Na kama yatsanta na ɗora a bakin gurbin, inda guduma ta lotsa.

"Kai ka same shi da rai," ta ce. "Kada ka rufa mini. Barci ya yi?"

"Idonsa biyu. Ya ce in gaya miki ya juya, motar ce ba ta juya ba."

Bai ce in gaya mata ba, amma na san ita yake nufi. Ta daɗe tana bin lotsin da ɗan yatsa, ɗaya bayan ɗaya, har ta zagayo inda ta fara.

"Ai na sani," ta ce a hankali. "Mutumin da ko shayi sai ya huce yake sha."

An sayi wata motar, an sa wani direba. Sha-Yanzu yana nan yana duka. Ni kuma in na fito da safe zan buɗe rumfa, idona yakan kai tagar Inna. Ƙarfen yana nan a bakin tagar, an wanke shi tas, kusa da kofin shayin Sannu-Sannu da aka kife.