Cigiyar Malam Shitu a Kasuwar Rogo

Ranar kasuwar Rogo, bayan azahar, Hajjo ta faɗo rumfar Lado mai gyaran rediyo, mayafinta a hannu. Mahaifinta, Malam Shitu, wanda tsufa ya fara taɓa wa tunani, ya fita tun hantsi, har yanzu ba labarinsa.

"Malam Lado, don girman Allah ka yi mana cigiya. Ko koko bai sha ba ya fita."

Lasifikar Lado ce kaɗai a kasuwar. Ya jona amfilifaya, na'urar ƙara ƙarfin murya, da batirin mota, ya jira kwalaben cikinta suka yi ja, ya ɗauki makirfo ya yi sallama. Ba abin da ya fito sai wani gurnani da ya haɗiye muryarsa.

Ya san dalili. Wata uku ke nan da ya ga kwandansa, ɗan gwangwanin da ke tace wuta, ta kumbura tana fitar da farin gari a gindi. Maigidansa na Ƙaraye, wanda ya koya masa gyara, ya sha gaya masa cewa ranar da ta kumbura, ranar ake cire ta. Shi kuwa kullum sai ya ce sai ya shiga Kano zai sayo sabuwa.

"Ta lalace ne?" in ji Hajjo.

"Ki ba ni minti kaɗan."

Ya jawo rediyonsa na kansa, ya ɓalle bayanta, ya ciro tata kwandansar. Ƙarama ce, amma babu wata. Ya tura ƙarfen liƙi cikin garwashi. Yana cikin liƙa ta, dalma ta ɗiga masa a yatsa, bai ko duba ba. An kira la'asar, mutanen ƙauye sun fara ɗaure kaya a jakuna. Hajjo ta durƙushe bakin rumfa tana maimaita "Innalillahi".

Ya sake kunnawa. Gurnanin ya ragu, murya ta fita.

"Jama'a, ana cigiyar wani dattijo, farar riga, jar dara, yana dogara sanda!"

Sau huɗu ya faɗa kafin hayaƙi ya taso, na'urar ta mutu.

Can sai ga wata mai tallan nono, Zuwaira, da ƙwarya a ka. Ta ce ta wuce wani tsoho a gindin tsamiya, hanyar Jajaye, yana tambayar ina gonarsa.

Lado ya hau keke, Hajjo na binsa da gudu. Sun same shi zaune, leɓe a bushe, takalmi ɗaya ya ɓace. Hajjo ta riƙe masa buta ya sha, tana kuka.

Ya dube ta ya ce, "Sannu, 'yar nan. 'Yar gidan wa ce ke?"