Babban Yatsan Ƙafar Hagu

…kuma shi ya sa suke huda rami a gadon, don ki cusa fuskarki ciki, kada ki ga abin da ake yi a bayanki. Tayil huɗu na daɓen ƙasa kawai nake gani, ɗaya ya tsage, sai farin takalmin likita yana kai-komo. Likita? Yaya ta ce ba likita ba ce, mai gyaran ƙashin baya ce, ta danna, ƙashi ya ce ƙas, ki tashi kina godiya. Ko ma wace ce, takardar da za ta rubuta wa koci ita za ta yanke hukunci. Mu biyar ne, tseren miƙa sanda kuwa mutum huɗu yake ɗauka. Ranar Alhamis za a manna sunaye. Ɗaya za ta zauna a benci tana riƙe wa mutane ruwa.

Ni ake so a zaunar. Na sani.

"Saki jikinki." In saki jikina? A hannun wa? Koci da kansa ya kawo ni a motarsa, mutumin da shekara bakwai bai taɓa rage mini hanya ba ko ana tsuga ruwa. Yau har da buɗe mini ƙofa. Wai dubawa ce kawai, Tsohuwa, kowa za a duba. Kowa? To ina sauran? Ina Iska, yarinyar da ta zo bara ta fara numfashi a ƙeyata? Ga hotonta can a bangon ɗakin jira, ta rungume likitar nan, haƙora duk a waje. Anti take ce mata. Anti! Da kunnena na ji.

Hannun likitar da sanyi. Tana bin ƙashin bayana ɗaya bayan ɗaya kamar mai tsintar tsakuwa a wake. Nan? Ba ya ciwo. Nan fa? A'a… ƙarya nake, nan ɗin ne, kamar an kafa ƙusa, ya bi ta ƙugu ya gangara cinyar hagu — amma na iya shaƙar numfashi ta baki ba tare da kafaɗa ta motsa ba, ramin nan ma ya yi mini rana. Ta ce tsokar wurin ta ɗaure. Na ce horo ne. Ta ce hmm. Me hmm ke nufi? Yaya ake rubuta hmm a takarda?

Wata uku kenan. Ina tsere, ina shan kwana ta biyu a fili, sanda a hannuna, wani abu ya tsinke a ƙuguna, ban tsaya ba. Wa ke tsayawa? Yaya ce ta tsaya. Ita ta faɗa wa masu horar da ita gaskiya — gwiwa ce, ki huta sati biyu — sati biyun nan yau shekara tara, tana bayan keken ɗinki, takalmin gudunta na rataye a ƙusa yana shan ƙura. In sun tambaye ki, lafiyarki ƙalau. Ita ta koya mini. Ita ke ɗaura mini igiyar takalmi da safe tunda sunkuyo ya gagare ni, ba ta tambaya, ba na faɗa. Yau ta ja ta hagun da dukkan ƙarfinta, ta ce na matse da yawa ko? Na ce a'a, daidai.

Juyo ta gefe. Ɗago gwiwa. Ja numfashi… sauke —

Ƙas!

Wayyo daɗi. Wallahi daɗi, kamar an sauke mini kaya, abin da ke ba ni tsoro kenan. Ta lallaɓa ni, jiki ya yi laushi, baki ya biyo baya. Ban ce komai ba dai ko? Ban yi nishi ba? Koma rub da ciki. Tayil huɗu. Waya na kuka a aljihunta, ba ta ɗauka ba. Wa ke kira? Koci ne mana, yana zaune a waje, ya ƙagu ya ji. Ko Iska — Anti, ya ake ciki?

Tana zare mini safa. Wannan kuma na me? Baya na kawo, ba ƙafa ba.

"Zan taɓa yatsunki, ki gaya mini wanne."

Jarrabawa. To bismillah. Dama: ƙarami. Na tsakiya. Babba. Na ci duka, sai ta nemi wata hanyar. Takalminta ya gusa, ya fita daga tayil ɗina, ba na ganin inda ta tsaya.

"Yanzu fa?"

Babu komai. Ko iska ba ta taɓa ni ba… A'aha. Na gano ta. Ta ɗauke hannunta, tana tsaye tana kallona, so take in ce babba ko ƙarami don ta rubuta yarinyar nan maƙaryaciya ce, duk abin da ta ce ba ya ciwo yana ciwo. Ni za a ɗana wa tarko? Ni da na shekara bakwai ina karanta fuskar koci ta ƙeyarsa?

"Ba ki taɓa ni ba, Likita."

Ta ji kunya ko? Biro ma ba ya motsi.

"Sake saurarawa. Yanzu?"

"Na ce ba ki taɓa ni ba."

Bari in ga fuskarta, in ga yadda mai tarko ke yi in an kama shi. Na ɗago, ƙusar ta soke ni, na waiga —

Hannunta na kan ƙafata ta hagu. Ta danne babban yatsan da farce, ta danne har fatar ta yi fari. Yatsana ne, na san shi, ga baƙin farcen da takalmi ya kashe. Ina kallo tana ƙara matsawa. Fuskarta kuwa ba ta wadda ta ci nasara ba ce, gara ma a ce ta yi murmushi.

Silifas ɗin da ya zame a matakala, sai da na kai ƙasa na lura. Jinin da na gani a safa ranar Litinin ban san lokacin da… Na matse da yawa ko? A'a, daidai. Yaya, kin sani? Gwada ni kike yi da safe?

"Tun yaushe?" in ji ta, a hankali.

Tun yaushe. Alhamis saura kwana biyu. Ana ƙwanƙwasa ƙofa. Wuyana ya gaji, na mayar da fuskata cikin ramin, tayil huɗu, ɗaya ya tsage. Ko ta saki yatsan, ko har yanzu tana riƙe da shi — sai na sake ɗagowa zan sani.