Ƙofar Wanda Ya Yi Shiru

A kan aiki ɗaya Narelle Petrakis ta yi furfura. Kamfanin da take wa aiki a Adelaide ne ya samu kwangilar haɗa sojan ƙasa da na ruwa da na sama a kan tsari guda, yadda kwamandan da ke zaune a tanti zai ga jirgin ruwa da motar sulke da jirgin sama duk a taswira ɗaya, in ya ba da umarni kuma ya isa kunnen kowa. Ita ke zana ƙashin bayan tsarin: wa zai yi magana da wa, wa zai ga me, saƙon wa zai riga wucewa in hanya ta cushe. Masu rubuta manhaja zanenta suke bi, kamar yadda magina ke bin zanen gida.

Wuri ɗaya ne ya daɗe yana hana ta sakat. In wata ƙungiyar soja ta yi shiru, aka neme ta aka rasa, can daga baya kuma na'urarta ta dawo tana neman shiga, me za a yi?

Graeme Voss, mai kula da tsaron tsarin, bai ga abin dogon tunani a nan ba. Tsohon sojan sadarwa ne, dogo, siriri, mai ƙarancin dariya.

"A rufe," in ji shi. "Wanda ya ɓace ya dawo, kin san hannun wa akwatin sadarwarsa yake? In abokan gaba suka kashe yaran suka ɗauke shi, kika buɗe musu, kin miƙa musu taswirar runduna gaba ɗaya. Har inda janar ke shan shayi za su gani."

"In kuma yaranmu ne fa? Kwari suka shiga, tsauni ya tare su."

"Su tako da ƙafa a sake musu mabuɗin shiga tsarin. Ƙafar ai ba don ado aka yi musu ba."

"Kai dai, Graeme, ko tsohuwarka ce ta ƙwanƙwasa sai ta nuna kati."

"Ita ta koya mini," ya ce, bai ko murmusa ba.

Narelle ta juya maganar ta kowace fuska, ta ga gaskiya na tare da shi. Ta zana abin yadda ya ce. Duk na'urar da shirunta ya wuce ƙa'ida, tsarin zai soke mabuɗinta. Murya ba za ta wuce ba, rubutu ba zai wuce ba. Ɗan ɗigo ne kawai zai fito a gefen allo, yana nuna akwai wanda ba a sani ba yana neman shiga. Ba wanda ya tilasta mata, da hannunta ta sa hannu.

Da damina aka kai tsarin gwaji arewa, a dajin da ke bayan Townsville, inda zafi ke dafa mutum tun kafin rana ta ɗaga. Kanar Ingleby ne ke jagorantar atisayen, gajeren mutum mai sanyin murya, wanda yaransa ke tsoron shirunsa fiye da faɗansa. Manya daga Canberra sun zo kallo, an jera musu kujeru a bayan tanti.

Wajen karin kumallo Narelle ta haɗu da Saje Tevita Lolohea, ƙaton mutum ɗan asalin Tonga, farantinsa cike da ƙwai da tsiran alade kamar na mutum uku.

"Anti, ke ce kika saka mana aljani a mota?" ya tambaye ta. "Ko fitsari na tsaya yi sai Kanar ya sani."

"Rage shan shayi mana."

Direbansa, Kofur Brodie Whitlock, mai jan gashi wanda rana ta saɓule wa fatar hanci, ya ce, "Madam, ki ƙara masa wani abu da zai riƙa auna abincin Saje. Motar nan kuka take in ya hau."

Tevita ya kai masa duka da hula, suka tashi suna dariya.

A cikin atisayen akwai wata ƙungiya da aka ware ta zama abokan gaba na wasa, aikinta kawai ta yaudari tsarin. Da hantsi suka gwada. Suka kwace akwatin wata mota, suka ɓoye shi har mabuɗinsa ya mutu, sannan suka kunna suna neman shiga. Ɗigon ya fito, ya yi ta ƙyaftawa, ƙofa ta ƙi buɗuwa. Da alƙalan atisayen suka bayyana ko su waye, mutanen Canberra suka yi tafi. Graeme ya dubi Narelle ta saman tabarau, ta gane abin da yake nufi.

Bayan azahar ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Motar Tevita ta gangara wani kwari tsakanin duwatsu, alamarta ta dushe a taswira, daga nan tsarin ya yanke ta yadda aka tsara. Ba wanda ya damu, an san kwarin da cin sigina.

Can sai ɗigon ya sake fitowa.

"Ga su nan sun dawo," in ji Graeme. "Mutanen nan ba su da kunya."

Kanar ya sa a kira Tevita ta oba-obar gaggawa, wadda ba ta cikin tsarin, kowace mota na da tata. Shiru. Aka nemi alƙalin da ke tare da abokan gaban wasa a tambaye shi ko aikinsu ne, shi ma ruwa ya hana a same shi. Ɗigon ya ɗauke, ya dawo, ya sake ɗaukewa.

Kanar ya juyo. "Madam Petrakis, su wane ne?"

"Ban sani ba, yallaɓai."

"Ke fa kika gina shi."

"Haka na gina shi. Yadda ba wanda zai sani."

Maganar ta fito mata da nauyi. A ofis jimlar nan abin alfahari ce, ta sha faɗin ta a gaban manya. Yanzu da ruwa ke dukan tanti, ba abin alfahari a cikinta.

Graeme ya matso, ya sassauta murya saboda 'yan kallo. "Yallaɓai, in ka buɗe kuma su ne, gwajin ya faɗi. Wannan ma ƙarami ne. Kowane hafsa da ke tantin nan zai koyi cewa in aka dage da ƙwanƙwasa ana buɗewa. Ranar yaƙin gaske haka za su yi."

Kanar ya taka zuwa bakin tanti, ya tsaya yana kallon jan ruwan da ke gudu tsakanin itatuwan turare. Narelle kuwa idonta na kan ɗigon. Ta yi ta ƙoƙarin karanta wani abu a yadda yake ƙyaftawa, ko gaggawa, ko tsoro, amma ba komai. Ita da kanta ta tabbatar ba zai ɗauko komai ba.

"A buɗe," in ji Kanar.

Buɗewa da hannu sai da mabuɗin mutum biyu, nata da na Graeme. Ta sa nata. Graeme ya tsaya riƙe da katinsa, sannan ya zura.

Muryar Tevita ce ta cika tantin, ta dishe har da ƙyar ake gane ta. Yana ta maimaita kalmar da sojoji ke faɗa in wasa ya ƙare, hatsarin gaske ya auku. "Wai duk kun mutu ne a can? Mota ta kife a rafi! Ƙafar Brodie na ƙarƙashinta, ruwa na ƙaruwa! Tun ɗazu nake kira!"

Tantin ya hargitse, amma hargitsin masu sanin aiki. Nan tsarin ya nuna amfaninsa: kafin Kanar ya rufe baki, matuƙin jirgi mai saukar ungulu ya ga wurin a allonsa, likitoci sun samu labari, motar janwe ta kama hanya. Narelle ta zauna a kan wani akwatin ƙarfe.

Brodie ya rayu. An yanke masa ƙafar daga ƙasan gwiwa.

Washegari Narelle ta je asibiti. Ta tare likitar da ta yi aikin, ta tambaye ta ko da an kai shi da wuri da ƙafar ta tsira. Likitar ta dube ta da idon da ya saba da irin tambayar. "Wataƙila. Wataƙila kuma tun faɗuwar motar ta riga ta tafi. Ba zan yi miki ƙarya ta kowane ɓangare ba."

Tevita na zaune a benci, hannayensa duk yanka. Ya matsa mata ta zauna. Ya ce oba-obar gaggawa tana cikin motar, ruwa ya cinye ta tun farko. Yaransa suka riƙa karɓa-karɓa suna tallafe kan Brodie kada ruwa ya rufe shi, shi kuma ya ciro akwatin, ya saɓa a kafaɗa, ya hau dutse da shi.

"Akwai 'yar fitila a jikinsa," ya ce. "In saƙo ya isa sai ta yi kore. Ta yi kore, Anti. Duk kiran da na yi sai ta yi kore. Ina jiyo ihun yaron daga ƙasa, ina kallon fitila na gaya mini kun ji ni."

Narelle ta dubi yankan da ke hannayensa. Bayanin da take da shi daidai ne, amma ba na wannan bencin ba ne.

"Ni na zana shi haka," ta ce.

"Na sani." Bai ɗaga murya ba, bai kuma ce mata ba komai ba. Suna nan zaune har mahaifiyar Brodie ta fito daga ɗakin, ya miƙe ya tarye ta.

Kwamitin bincike bai ga laifin kowa ba, tsarin ya yi abin da aka ce ya yi. Wannan bai sa Narelle ta samu sauƙi ba. Da ta koma Adelaide ta goge wannan ɓangaren zanen, ta fara sabo. Wanda aka yanke ba zai ga taswira ba, ba zai ji umarni ba, ba zai san inda kowa yake ba. Amma za a bar masa siririyar hanya mai tafiya ɗaya, wadda za ta kai muryarsa da wurin da yake zuwa kunnen mutum mai rai a hedkwata.

Graeme ya daɗe tsaye gaban allon. Tun dawowarsu ya rame.

"Kin san abin da za su yi da ita," ya ce. "Za su kama yaronmu, su sa masa bindiga a ƙeya, ya yi kuka. Ku tura jirgi, su harbo shi da duk wanda ke ciki."

"Na sani."

"To mece ce amsarki?"

"Ba ni da ita. Na dai daina yarda zane ne zai yanke wannan hukuncin tun daga nan, muna shan kofi."

Suka kai wa Kanar Ingleby maganar. Ya saurare su duka biyu har ƙarshe, yana murza hularsa a gwiwa.

"Ke nan duk ranar da aka yi kukan, wani irina ne zai zaɓa," ya ce. "In ya tura, a harbo. In bai tura ba, ya ji muryar har ya mutu."

"Haka ne, yallaɓai."

"Kin sauke kayanki kin ɗora mana."

"Eh."

Ya yi ajiyar zuciya. "Da ma namu ne. Ku gina. Amma kada a ba kowane hafsa kujerar nan sai ya sha wannan a atisaye, ya ji yadda take."

Graeme bai sauya ra'ayi ba, ya kuma rubuta hakan a rahotonsa. Amma shi ya karɓi aikin killace hanyar, ya yi ta kai mata hari da kansa yana toshe duk inda ya ga kafa, har ya tabbatar ko ƙwayar bayani ba za ta bi ta nan ta fita ba. Aikin ya ja lokaci, mutanen Canberra suka yi ta ƙorafi. Brodie ya bar soja ya koma gonar raken iyayensa. Narelle ta rubuta masa, bai ba ta amsa ba.

Da aka koma gwaji da rani, wata matashiyar hafsa ce a kujerar, Manjo Kirrily Strachan. Ana tsakar atisaye murya ta shigo ta siririyar hanyar, wani yaro na kuka yana cewa an harbe shi a ciki. Manjo ta yi masa tambayoyi, ya amsa wasu, ya rikice a wasu, yadda mai ciwo kan rikice. Ta dubi na kusa da ita, kowa ya sunkuyar da kai. Ta tura jirgi.

Tarko ne. Alƙalan atisayen suka sanar an harbo jirgin, duk na ciki sun mutu a lissafin wasa. Matuƙan suka sauka lafiya suna zolayar juna a kan wa zai gaji babur ɗin wa.

Manjo Strachan ba ta yi dariya ba. Ta fita bayan tanti, Narelle ta same ta tsugune, fuskarta ta yi fari fat.

"Ke ce mai zanen?" ta tambaya. "Me ya kamata in yi?"

"Ban sani ba, Manjo. Wani lokacin na gaske ne."

Manjo ta goge bakinta da bayan hannu. Sannan ta miƙe, ta gyara ɗamararta.

"Ku sake shirya gwajin," ta ce. "Kada kuma ku gaya mini wanne ne, na gaske ko tarko."

Narelle ta koma ciki ta gaya wa Graeme. Ya ja kujerarsa gaban na'ura, suka fara mayar da kowa wurinsa a taswira.